Ƙarfen da Ba a Yi wa Zane Ba

Bayan sallar isha'i, a wani dare na tsakiyar sanyi, mutanen wani tsohon gida a unguwar Bin Omran ta birnin Doha suka ji sautin da ba su taɓa ji ba. Ba kukan kyanwa ba ne, ko da yake kyanwoyin unguwar suna da muryoyi iri-iri. Ba kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ce, don a watan Janairu duk an kashe su. Wani siririn fito ne, yana tashi kamar sarewa, ya yi sama, ya rabu biyu, sannan ya sauko ya koma gurnani.

Lado yana kwance a kan katifa ya ji shi. Mutum ne da ya ba hamsin baya, mai kaurin yatsu, yana aiki a wani shago a Sanaiya, unguwar masana'antu, inda ake lanƙwasa fallen alminiyam ana yin bututun iska na manyan gine-gine. Ya ɗaga kai, ya kasa kunne. Sautin ya yi masa daɗi. Ya ce a ransa ko wani Ba'indiye ne ya tuna gida ya ɗauko abin busarsa.

Sai aka buga ƙofa. Abdul-Rahaman ne, maƙwabcinsa na ɗakin da ke kallon nasa, mutumin Kumasi, mai gadi a filin jirgin sama. Daga shi sai singileti da wandon aiki, ga sandar goge ƙasa a hannu.

"Maƙeri, kana jin abin da nake ji?"

"Ina ji," in ji Lado.

"Kana ji kuma kana kwance? Ni da asuba zan karɓi aiki. Tashi mu hau sama. In aljani ne, kai ne babba, kai za ka fara yi masa sallama."

Suka hau, Abdul-Rahaman yana haska musu matakala da wayarsa daga baya. Rufin gidan cike yake da tankunan ruwa da igiyoyin shanya da tsofaffin farantan tauraron ɗan'adam da suka daina aiki tun tuni, amma duk suna nan sun fuskanci wuri ɗaya kamar sahu. A jikin ƙarfen wani tanki, wani abu mai walƙiya yana rataye, yana juyawa a hankali. Daga nan sautin ke fitowa.

Lado ya tsaya. "Af," ya ce. "Nawa ne."

Girman abin kamar babbar ƙwarya. Falle uku ne na alminiyam aka tsaga aka cusa cikin juna, suka ba da lungu takwas. Amma ba wannan ne ya sa Abdul-Rahaman ya saki baki ba. Babu inda za a ɗora yatsa a jikinsa da ba a yi wa zane ba: ga dagi, ga sawun tsuntsu, ga sarƙa tana bin sarƙa, ga ƙananan huji a jere. Kowane falle ya lotsa ya yi ciki kamar faranti, an naɗe bakinsa waje kamar fure. Iskar arewa ce ke bi ta hujin tana fito.

"Fitilar biki ce?" in ji Abdul-Rahaman.

"Madubin rada ne."

"Madubin wa?"

"Na Muttaka ne. Na rataye shi ne ya sha iska kafin Juma'a."

"To ya sha, har yana gyatsa. Don Allah sauke shi in yi barci."

Muttaka ƙanen Lado ne, autan ɗakinsu. Tuƙin mota ya kawo shi Doha. Amma kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwansa, yana da ƙaramin jirgin ruwa na faiba, mai jiki kamar roba, a garin Wakra da ke bakin teku, kuma da ya gane yaron ba ya amai a teku, sai ya ɗauke shi daga wannan sitiyari ya ɗora shi a kan wancan. Da sassafe yakan fita ya jawo gargur, wato kejin waya da ake nitsarwa kifi ya shiga ya kasa fita. Mutumin da a garinsu bai taɓa tsallake ruwan da ya wuce gwiwa ba, yanzu ya san inda kifin hamur ke kwana.

A watan da ya wuce ne hazo ya sauko musu a teku, shi da abokin aikinsa Wahid, ɗan Bangaladash. Hazon teku jiƙaƙƙe ne, yana ɗiga daga gashin ido. Suna cikin jan keji sai suka ji ruwan yana rawa a ƙarƙashinsu. Kafin su ɗaga kai, wani bango baƙi ya fito daga cikin farin, ya wuce ta gefensu, kusa har Muttaka ya ga wandon wani a shanye a saman jirgin. Igiyar ruwan da ya bari ta jefa Wahid cikin teku. Da wuyan riga Muttaka ya jawo shi. Wahid ya kwana biyu ba ya magana, da ya buɗe baki kuwa, roƙo ya yi a mayar da shi kicin.

Da Muttaka ya ba da labarin, ba girman jirgin ne ya tsaya wa Lado a rai ba. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: "Kuma ba wanda ya leƙo?" Ba wanda ya leƙo. Ga kuma Inna a gida, duk lokacin da ya kira ta, kafin ta kashe waya sai ta ce, "Lado, ka riƙe mini autana."

Wanda ya warware musu zancen shi ne Umar Faruq, ɗan Zariya, injiniya a wani jirgi mai kai kaya rijiyoyin gas na cikin teku. Duk Juma'ar da yake tudu yakan zo ɗakin Lado cin tuwo da miyar kuka, domin matarsa likita ce, ta hana shi man ja.

"Ba mugunta ba ce," ya ce, yana suɗe yatsa. "Ba su gan ku ba ne. In hazo ya sauko, kyaftin ba taga yake dubawa ba, allo yake dubawa. Rada kira take yi, kiran da kunne ba ya ji, ta juya ta sake yi. Duk abin da ya amsa mata sai ya fito a allo kamar ɗigon haske. Ƙarfe yana amsawa. Faiba da katako kuwa kurame ne."

Ya zaro wata ƙwallon roba daga aljihu, wadda yake matsawa saboda ciwon wuyan hannu. Ya jefa ta kan katifa, ta faɗi ta yi shiru. "Ka ga jirginka, Muttaka." Ya jefa ta jikin bango a karkace, ta yi nata wuri ta shige ƙarƙashin firiji. Da aka zaro ta, sai ya jefa ta lungun ɗaki, inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Ta bugi nan, ta bugi can, ta dawo tafin hannunsa. Ya matsa gefe ya sake jefawa, ta sake dawo masa. Ya ce akwai wani abu da ake ratayawa a saman ƙananan jirage, lunguna ne irin wannan na ƙarfe, ko daga ina kiran ya zo sai su mayar da shi inda ya fito. Kuma ana ɗaura shi ne lungu ɗaya yana kallon sama, kamar mai taren ruwan sama.

Wannan maganar ta ƙarshe ta tafi da hankalin Lado. Taren ruwan sama a Doha! Ya tuna rijiyar gidan babansu, wadda in ka leƙa ka ce "wa ke nan" sai ta tambaye ka ita ma. Ya tuna jemagun da ke wuce igiyar shanya cikin duhu ba su taɓa ta. Yana cikin wannan tunani shayi ya tafasa a kan gas, ya tashi ya fita baranda. A lokacin ne Injiniya ya ce fallayen dole su zama a miƙe sumul, lungun kuma daidai da sukwayar magini, ba ƙari ba ragi. Lado bai ji ba. Abin da ya dawo da shi ɗaki shi ne buta da kofuna da magana guda: akwai ƙarfen da ke sa a gan ka.

Ana sayar da irinsa a shagunan kayan jirgi. Muttaka ya gaya wa kafil, kafil ya ce bukra, wato gobe, insha Allahu. Bukra ta yi ta zuwa tana wucewa. Lado ya ce shi da ke kwana yana tashi cikin alminiyam ba zai zauna jiran wani ba.

Su Lado maƙeran farin ƙarfe ne a Kano tun kakanni, masu faranti da tasa da zobe da ƙarfen linzami. Akwai wata doka a gidansu da ba a san wanda ya kafa ta ba: ba a miƙa wa ɗan'uwa abu fili. Ko cokali ne, sai an yi masa zane. Babansu yakan ce abu ɗaya ne ake ba mutum babu ado, shi ne likkafani. Lado ya taɓa ganin tsohon ya bi wani ƙanensa har tasha ya karɓo kofin da ya ɗauka ba a gama ba, ya zauna a gefen titi ya buga masa sarƙa a baki, sannan ya bar motar ta tashi. A Sanaiya Lado yana yin bututu fili daga safe har yamma, bai taɓa damuwa ba, don ba na kowa ba ne. Wannan kuwa na Muttaka ne, kuma teku za shi da shi.

Saboda haka in an tashi daga aiki sai ya tsaya a shago, ya kwance ƙunshin madoshan babansa, ya ɗauki 'yar guduma. Ƙarfe in ana bugunsa buɗewa yake yi, ya yi ciki. Lado ya ga fallayen suna lotsawa, abin ya ƙara yi masa kyau. A ganinsa, in ana son a ga abu daga nesa, ai sai a ƙawata shi.

Ranar Juma'a, bayan an ci tuwo, ya yaye zanen da ya rufe shi da shi. Muttaka ya yi kabbara. Injiniya ya karɓa, ya juya shi, ya bi zanen da yatsa.

"Sarkin Maƙera," ya ce, "wallahi ban taɓa ganin mai kyaunsa ba. A gidan tarihi ya kamata a ajiye shi."

"Amma?" in ji Lado, don ya ji amma tana tafe.

"Amma ba zai amsa ba."

"Ƙarfe ne fa."

"Ƙarfe ne, amma lungunan sun buɗe, fallayen sun gantsare. Kiran zai zo ya watse, wani sama, wani ƙasa, ba abin da zai koma. Ka tuna ƙwallon da ta shige ƙarƙashin firiji?"

"Ashe radar taku makauniya ce?"

"Makauniya ce ƙirin. Ba ta san kyau ba. Yi masa wani a miƙe, fili, ko ɗigo kada ka sa."

Lado ya dubi Muttaka, Muttaka ya dubi kwanon miya.

"Injiniya," in ji Lado, "da gaggawa kake so in yi wa ƙanena sutura?"

Injiniya bai gane ba, sai da Muttaka ya yi masa bayanin dokar gidan a takaice, murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗauki madubin mai zane ya ɗora a cinya. "Wanda Yaya ya yi shi zan ɗaura," ya ce.

"Kai, Muttaka, ranka ne fa."

"Na sani, Injiniya. Amma Yaya ne ya yi."

Injiniya ya matsa ƙwallonsa, ya sake matsawa. Daga nan ya ce to a gwada. Juma'a mai zuwa jirginsu zai fita da hantsi. Su Muttaka su tsaya can gefen hanyar manyan jirage, inda waya ke kamawa. Lado ya yi wani fili, ba don Muttaka ba, don gwaji kawai. Shi zai tsaya kusa da kyaftin, ya dubi allo, su ɗaga wannan su ɗaga wancan.

"In na zanen ya fito fa?" in ji Lado.

"Na bar cin tuwonka har abada."

"Wannan ai ba hukunci ba ne, sauƙi ne ka yi mini."

Na filin bai ɗauki Lado lokaci ba. A hutun rana ya yi shi, inji ya yanka, ya gwada da sukwaya, ya ɗaure. Bai tsaya kallonsa ba. Ya cusa shi cikin buhun shinkafa ya ɗaure bakin, yana kiransa "na Injiniya".

Ranar gwaji kafil ya yarda, ya sa aka rubuta sunan Lado a ƙofar tashar Wakra. Wannan ne karo na farko da Lado ya taka jirgin ruwa. Ya zauna a ƙasan jirgin, ya rungume na zanen, buhun yana gefen ƙafarsa. Gari ya waye garau. Gine-ginen Doha suna can arewa, sirara, kamar an jera kwalaben turare. Ya lura ruwan ba launi ɗaya ba ne: kusa da gaɓa kore ne, can gaba shuɗi, kuma akwai layi tsakaninsu kamar an ja da zare. Wasu baƙaƙen tsuntsaye suka wuce a jere dab da ruwa, ba mai wuce wani.

Suka isa inda aka ce, Muttaka ya kashe inji. Suka zauna jira. Jirgin Injiniya ya makara.

Hazon bai zo daga sama ba. Daga kan ruwa ya taso, kamar tururin tukunya. Gine-ginen suka fara ɓacewa, sannan rana ta koma kamar ƙwandala, sannan ita ma ta tafi. Lado ya dubi hancin jirgin, da ƙyar yake ganinsa. Ruwa kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana tafiya da abin da ke kansa ba tare da ya gaya masa ba.

Wayar Muttaka ta yi ƙara. Ya sa ta a amsa-kuwwa.

"Mun fito," in ji muryar Injiniya. "Hazo ya rufe mu. Ku bar zancen gwajin nan, ku koma gaɓa."

"Ban san ina gaɓa take ba," in ji Muttaka. "Kuma in na tayar da inji ba zan ji ku ba."

"Kuna inda muka ce?"

"Da muna nan. Yanzu Allah ne masani."

Sai suka ji ƙahon jirgi, dogo, mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Lado ya nuna dama, Muttaka ya nuna hagu.

"To ku ɗaga," in ji Injiniya. "Ku ɗaga sama sosai."

Muttaka ya karɓi na zanen daga hannun yayansa, ya ɗaura a kan sandar ƙugiya da yake jawo igiyar keji da ita, ya taka benci, ya ɗaga. 'Yar iskar da ke akwai ta shiga hujin, abin ya fara fitonsa a tsakiyar teku.

"Kun ɗaga?"

"Mun ɗaga."

"Babu komai. Kyaftin ya rage gudu, amma ba ya ganin komai sai ƙurar igiyar ruwa."

"Juya shi," in ji Lado. "Juya masa wajen dagin."

Muttaka ya juya.

"Babu," in ji Injiniya.

"Ce masa ya goge allon."

"Malam Lado!" Muryar ta canza, wasan ya fita daga cikinta. "Ɗaya ɗin. Yanzu."

Ƙahon ya sake tashi, wannan karon ba wanda ya nuna ko'ina, don ya cika wurin duka. Lado ya ji ƙasan jirgin yana rawa a ƙarƙashin cinyarsa, 'yar rawa ƙanƙanuwa, kamar ta firiji. Ya kwance bakin buhun. Ya ce a ransa shi zai ɗaga da kansa, ai ba miƙawa ya yi ba. Ya yunƙura zai miƙe, jirgin ya karkata, ya koma zaune. Daga zaune ya ɗaga shi iya tsawon hannunsa.

"Akwai wani abu yana zuwa yana ɓacewa," in ji Injiniya. "Ya yi ƙasa da yawa. Sama! Ku kai shi sama!"

Muttaka ya riga ya kwance na zanen, ya ajiye shi a kan benci. Ya sunkuyo, ya miƙo hannu.

"Miƙo, Yaya."

Lado ya dubi abin da ke hannunsa. Fari ne fat, sumul, babu ko ƙwarzane. Hazo ya kwanta a kansa, ɗigo-ɗigo. Ya ga fuskarsa a ciki, a lungu, ta kasu kashi-kashi. Ya tuna babansu zaune a gefen titi a tasha, mota tana jira.

"Yaya."

Ya miƙa masa.

Muttaka ya ɗaura, ya gyara shi lungu ɗaya yana kallon sama, ya taka saman akwatin sitiyari, ya ɗaga sandar da hannu biyu. Wannan bai yi fito ba. Shiru ya yi.

"Ga ku nan!" in ji Injiniya. Sai kuma, "Inna lillahi. Kuna gabanmu." Suka ji yana magana da Turanci da sauri, wani yana amsa masa. "Kada ku motsa. Kada ka sauke, Muttaka, ko hannunka zai cire."

Rawar ƙasan jirgin ta sauya. Aka ɗan jima. Sannan hazon gefen hagu ya yi duhu, duhun ya zama bango, bangon ya yi ta wucewa a hankali, da tazarar da za a iya jefa dutse. Warin man dizal ya iso su, da ƙamshin albasa da ake soyawa a wani kicin can ciki. A can sama wani mutum ya jingina da ƙarfen baranda, ya leƙo, ya ɗaga musu hannu. Ba Injiniya ba ne, wani ne kawai. Igiyar ruwan ta zo ta ɗaga su ta ajiye, ta sake ɗagawa. Lado ya kama gefen jirgi ya amayar da shayin safe.

"Sarkin Maƙera," in ji wayar, "kana nan?"

"Yana nan," in ji Muttaka. "Yana gaisawa da kifi."

Sai wajen azahar hazon ya yage, suka ga ashe gaɓa tana bayansu. A tasha Muttaka ya samo doguwar sanda ya kafa a bayan rumfar jirgin, ya ɗaure na filin a ƙolinta. Kafin a ɗaga sandar, Lado ya ce a dakata. Ya laluba aljihu ya fito da ƙaramin madoshi, wanda ake yin sawun tsuntsu da shi. Ya ɗora bakinsa a gefen falle ɗaya, can ƙarshe, inda yake ganin ba zai yi ɓarna ba. Ya daɗe a haka. Daga bisani Lado ya mayar da madoshin aljihu, ya goge wurin da hannun riga.

"Ɗaga," ya ce.

Da ya kira gida a daren, Inna ta ce ya riƙe mata autanta. Ya ce to. Bai gaya mata abin da ya miƙa masa ba.

Muttaka ya ci gaba da fita. Hazo ya sauko sau da dama kafin sanyi ya wuce, kuma yakan ce yanzu yana jin manyan jirage suna kauce masa tun daga nesa, kamar shanu sun ga rami. Lado yakan saurara ya gyaɗa kai. Amma duk safiyar da ya buɗe taga ya ga unguwa ta yi fari, sai ya hau rufi kafin motar ma'aikata ta zo, ya tsaya yana duban kudu, inda ba a ganin komai sai tankin maƙwabta.

Na zanen ya dawo kan rufin. Lado ya rataye shi a wurinsa na da, lungu ɗaya yana kallon sama. Ruwan sama bai zo ba, amma raɓa takan taru a ciki, tattabaru suna sha. Ya toshe wasu hujin da audugar kunne saboda Abdul-Rahaman, sautin ya ragu, ya koma kamar mutum yana waƙa da baki a rufe.

Wata Juma'a da la'asar suna zaune a rufin su uku, Lado da Muttaka da Injiniya, wanda bai fasa cin tuwo ba. Abdul-Rahaman ya hau da bokitin wanki, ya gaishe su, ya fara shanya kakin aikinsa. An riga an ba shi labarin tun tuni, har ya ba wasu a filin jirgi da ƙari. Iska ta taso, abin ya juya, rana ta bugi dagin ta watsa haske a kan tankuna da bango da fuskokinsu. Abdul-Rahaman ya tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu yana kallo.

"Maƙeri," ya ce, "wancan na teku na gane, jirage yake amsa wa. To shi wannan fa, wa kake jira ya kira shi?"